Shekarar Ƙanƙara

A gangaren kogin Douro, inda gona ke hawa kan gona kamar matakala,
akwai ɗakin ƙasa a bayan gidan Amândio.
Ƙofarsa gajera ce, kowa sai ya rusuna,
ko shi ɗan wane ne.
Tsohon kan ce ba don a girmama giya aka yi ta haka ba,
kakansa ne gajere.

Can ciki sanyi ya zauna da gindinsa.
Kwalabe na kwance bisa haƙarƙari,
ƙura ta yafa musu mayafi, gizo-gizo ya yi ɗinki,
ba takarda, ba suna,
sai alli a jikin bango: sittin da uku.

Shekarar da ƙanƙara ta sauko
ana saura mako uku a tsinke inabi,
ta yi wa kwarin sussuka tun daga tudu har bakin ruwa.
Abin da ya tsira kaɗan ne, baƙi sitik, ƙanana.
Ermelinda ce ta tattake shi da ƙafarta,
da cikin wata bakwai, tana harara sama,
ruwan ya rina mata ƙwauri ja wur.

Da ya ɗanɗana a shekarar farko, tofarwa ya yi.
Bauri kamar an tauna ɗanyen ɓawo,
harshe ya kama dasashi ya ƙi saki.
Ermelinda ta ce, bar ta, ɗanya ce,
kai ma ɗanye na same ka.

Kwalba ɗari biyu suka kwantar.
Biki ya sha wasu, haihuwa ta sha wasu,
jana'iza ta fi kowa ƙishi.
Yau saura huɗu.

Wani ya zo daga Landan cikin mota mai sheƙi,
yana haska wuyan kwalba da 'yar fitila
kamar likita a maƙogwaron yaro.
Ya faɗi kuɗi.
Kuɗin da zai sabunta rufi, ya kashe bashin tarakta, har a ga canji.
Graciete ta dubi mahaifinta,
ta dubi kwanon da ke tarar yoyo a kusurwa.
Tsoho ya ce a ba shi uku.
Ta huɗun ya rungume kamar jinjiri, ya hau da ita.

Da dare toshiyar ta ruɓuɓɓuge a hannunsa.
Ya tace da farin ƙyalle a gaban kyandir,
sannu, sannu, kada laka ta farka.
Launin ya bar na jini ya koma na tsohon bulo,
gefensa kamar yamma bayan rana ta gama faɗuwa.

Da farko ba ta ce uffan ba.
Warin rufaffen ɗaki kawai.
Ya ce, dakata,
wanda ya shekara sittin bai yi magana ba
ai sai ya gyara murya.

Can sai ta buɗe baki.
Busasshen ɓaure. Tsohuwar fata.
Ganyen da ya kwana cikin ruwa, hayaƙin wata gona mai nisa,
da wani abu can ƙasa wanda ba a raɗa masa suna ba.
Baurin nan ya kwanta, ya yi laushi,
irin laushin mafaɗacin da jikoki suka horar.

Graciete ta kurɓa.
Ita ce cikin nan na wata bakwai.
Ta riƙe a baki, ta daɗe, ta haɗiye,
ta ce, Baba, ashe ƙafar Mama nake sha.
Ya yi dariya har ta zame masa tari,
tarin kuma ya daɗe fiye da yadda ya kamata.

Kafin ƙararrawar coci ta buga goma
ƙamshin ya fara tattara kayansa.
Sha ɗaya, tsami ne kawai a gindin kofi.
Shekara sittin tana hanya,
sa'a guda ta zauna da su.

Ukun can suna mota, an naɗe su cikin bargo,
za su wani ɗaki mai makulli
inda za a riƙa nuna su ga baƙi da yatsa.

Amândio ya ɗauraye kofi biyu, ya kife.
Ya ɗauki kyandir ya sauka, ya rusuna a ƙofar kakansa,
ya goge allin da hannun rigarsa.